Faɗaɗa tsohon fili ko gina sabo: wanne ya fi wa ƙungiyar ƙwallo?

"Assalamu alaikum Injiniya. Mun daɗe muna musu da abokaina kan maganar filayen wasa. Manchester United ta ce sabo za ta gina, Chelsea da Newcastle an daɗe ana cewa nasu sun yi musu kaɗan, Liverpool kuwa tana nan zaune a Anfield tana ta ƙari. Ni a ganina duk ƙungiyar da ke da kuɗi gara ta tashi ta gina sabo fil ta huta da faci. Abokaina sun ce barin tsohon fili cin amanar tarihi ne. Tunda kai aikinka ne, don Allah wanne ya fi, a faɗaɗa ko a ƙaura?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Musun nan ba ku kaɗai ke yin sa ba, har a ɗakin taron shugabannin ƙungiyoyi ana yin sa, wani lokaci ma da ɗaga murya. Abin da kake tambaya shi ne: ƙungiya ce filinta ya cika ya batse, mutane na neman tikiti babu, shin ta ƙara wa wanda take ciki girma ne, ko ta tattara nata ya nata ta koma wani wuri? Aikina shi ne ƙiyasta kuɗin gine-gine irin waɗannan da duba ko za su yiwu tun kafin a kira ɗan kwangila, don haka ta wannan fuskar zan amsa maka.

Ga matsayina tun da wuri. Duk inda ƙasa ta ba da dama, faɗaɗawa ta fi. Ƙaura ta wanda aka toshe wa hanya ce ta kowane gefe, shi ma sai in filin da zai koma nasa ne, yana kusa da mutanensa, bashin kuma ba zai karya shi ba ko da ƙwallo ta juya masa baya shekara 2 ko 3. Ka ga ke nan na fi kusa da abokanka, sai dai ba don dalilin da suka kawo ba. Su tarihi suke kallo, ni kuwa kango da takardar bashi nake kallo.

Yawancin filayen da ake wannan magana a kansu a Ingila an kafa su ne tun kafin mota ta yawaita. Anfield tun 1884 ake wasa a cikinsa, Goodison Park na Everton 1892, Old Trafford na Manchester United 1910, Highbury na Arsenal 1913. A tsakiyar unguwannin ma'aikata suke, mutum ya tashi daga aiki ranar Asabar ya taka da ƙafa ya je kallo, kuma mafi yawa a tsaye suke kallon. Shi ya sa Highbury ya taɓa ɗaukar mutum fiye da 73,000 a 1935. Bayan turmutsutsun Hillsborough na 1989, wanda ya yi ajalin magoya bayan Liverpool 97, rahoton alƙali Taylor da ya binciki lamarin ya sa aka wajabta wa manyan ƙungiyoyi su mayar da ko'ina kujeru. Wurin da mutum 2 ke tsayawa ya koma na mutum 1 a zaune, Highbury ya sauko kusan 38,000. Kuɗin talabijin kuwa akwai ƙa'idar da ake raba shi a gasa, amma kuɗin ƙofa na mai fili ne. Don haka duk ranar wasa United na tara abin da Arsenal ba za ta iya tarawa ba, komai iya ƙwallonta. Wannan giɓi ne ya fitar da Arsenal daga Highbury a 2006.

Abin da ke bayan katanga

Duk lokacin da aka kira ni duba fili, ba ciki nake fara shiga ba. Zagaya shi nake yi ta waje, in tsaya a bayan kowace rumfa in ga me ke wurin. Dalili kuwa rumfar 'yan kallo ba ta girma ta gaba, ciyawa na nan inda take. Baya take ja tana yin sama. Kowane layi na kujeru dole ya ɗara na gabansa tsawo don mutum ya hango ƙwallo ta saman kan na gabansa, kuma yadda ake ƙara ja baya haka gangaren ke ƙara tsanani, har a kai iyakar da ƙa'idar kare lafiya ta yarda da ita, wajen digiri 35 a Ingila. Sannan ƙa'idar ta ce dole 'yan kallo su iya barin wurin zamansu su shiga hanyar fita cikin minti 8. Ke nan in ka ƙara kujera 8,000, ka ƙara matakala, ka ƙara ƙofofi, ka ƙara banɗakuna, kuma sai an samu sarari a waje inda wannan jama'a za ta tsaya kafin wasa ta kuma watse bayansa. Mai ƙungiya yana nuna maka zane mai kyau a kwamfuta, kai kuma kana tsaye a wani siririn titi, katangar fili a hannun dama, ƙofofin gidajen mutane a hagu, mota biyu ba za su wuce juna ba. Nan ake yanke hukuncin, ba a ofis ba.

Dubi Liverpool. A 2007 masu ita na lokacin, Hicks da Gillett, sun yi alkawarin fara haƙa harsashin sabon fili a Stanley Park, wurin shaƙatawa da ke kusa da Anfield, cikin kwana 60. Ba a haƙa ba, sai bashi da ya taru. Waɗanda suka saye ta a 2010 suka zauna suka yi lissafi, a 2012 suka ce Anfield za su zauna. Abin da ya ba su wannan dama shi ne an samu sarari a bayan babbar rumfa, bayan an saye gidajen titin Lothair an rushe. Wannan ma ba abin alfahari ba ne gaba ɗaya, don an daɗe ana zargin ƙungiyar da sayen gidaje tana barin su a kulle shekara da shekaru har unguwar ta lalace, masu ƙin sayarwa suka rasa yadda za su yi. Amma ta fuskar gini aikin ya ƙayatar. A bayan tsohuwar rumfar aka tayar da sabuwar, aka ɗaga ƙaton ƙarfen rufi mai nauyin tan 650 aka ɗora a 2015, ana wasa a fili ba a fasa ba. Kamar tela ne da ke ƙara wa riga faɗi alhali mai ita na sanye da ita. A 2016 filin ya tashi daga kusan 45,000 zuwa 54,000, da aka gama rumfar Anfield Road kuma ya kai wajen 61,000.

To yi wannan lissafi da ni, don shi ne wanda ba a cika nuna wa magoya baya ba. Babbar rumfar Anfield ta ci kimanin fam miliyan 110, ta ƙara kujera 8,500. Kowace sabuwar kujera ta tashi wajen fam 13,000 ke nan. Tottenham ta kashe kusan fam biliyan 1 ta tashi daga 36,000 zuwa 62,850. In ka raba kuɗin a kan kujerun da suka ƙaru kawai, kowace ta haura fam 35,000. Mai gina sabo yana sake sayen kujerun da yake da su ne tun da farko, sannan ya biya kuɗin ƙari. Gaskiya ne Tottenham ba kujeru kaɗai ta samu ba, komai nata sabo ne, zan kuma zo kan wannan. Amma in abin da ke damun ƙungiya shi ne ƙarancin wurin zama kawai, faɗaɗawa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma waɗanda ƙasa ta hana. Rumfar gabas ta Highbury gini ne da doka ta kare, ba a rushe shi, sauran ɓangarorin kuma gidaje ne manne da katanga, maƙwabta suka ce ba su yarda ba. Goodison Park tituna sun kewaye shi ta ko'ina, ga coci a kusurwa ɗaya, ga ginshiƙai a cikin rumfuna da ke tare wa mutum ganin raga. In za ka gyara irin wannan sai ka rushe kashi mai yawa ka sake, kuma bayan duk wahalar ƙarin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Ga waɗannan biyu ƙaura ba son zuciya ba ce.

Wace irin kujera?

Inda kake da gaskiya, ɗan'uwa, shi ne nan. Ba duk kujeru ne ɗaya ba. Kujera guda a ɓangaren manyan baƙi, inda akwai ɗakin cin abinci da wurin hutawa, tana kawo abin da kujerun talakawa da dama ba za su kawo ba, kuma tsofaffin filaye ba a gina su da wannan a zuciya ba. Ko a Anfield ɗin, kusan rabin kujerun da babbar rumfa ta ƙara na manyan baƙi ne. Sannan akwai abin da ke ƙarƙashin rumfa. Na sha tsayawa a barandar tsohon fili lokacin hutun rabin lokaci ina kallon abin da ke faruwa. Mutum zai bar kujerarsa tun alƙali bai hura ba, ya kutsa cikin cunkoso, ya bi layin banɗaki, ya leƙa layin sayen abin sha ya ga ba shi da ƙarshe, ya koma da kuɗinsa a aljihu an riga an ci gaba da wasa. Ninka wannan mutum sau dubbai, sau wasannin shekara, ka ga asarar da ba ta fitowa a kowane littafi.

Ƙungiya tana wasa a gida kwana 25 zuwa 30 ne a shekara, 19 na gasar Firimiya, sauran na kofuna. Ragowar kwanakin filin na kwance yana cin kuɗin gyara da na gadi. Tottenham ta gina nata da ciyawar da ake janyewa, a ƙarƙashi akwai wani dandali na ƙwallon Amurka, ana kuma yin dambe da manyan wasannin mawaƙa. Real Madrid ta kashe fiye da Yuro biliyan 1 a kan Bernabéu ba tare da yawan kujeru ya canza sosai ba, rufi da ciyawa mai shiga ƙarƙashin ƙasa da ɗakunan baƙi ta saya. Sai dai ka lura Madrid ba ta ƙaura ba, a inda take ta yi duk wannan. Kuma zaman tsakiyar gari ya zo mata da nasa haraji: a 2024 dole ta dakatar da wasannin mawaƙa saboda maƙwabta sun kai ƙarar hayaniya. Kuɗin da aka sa a lissafi cewa zai biya bashi, ƙorafin masu gidajen da ke tsallaken titi ya tsayar da shi.

Wani abin da nake yawan gardama a kai da masu ƙungiyoyi shi ne girma. Kowa so yake a ce nasa ya fi na maƙwabcinsa. An taɓa miƙo mana jerin sunayen masu jiran tikitin kakar wasa a matsayin hujjar cewa a ninka fili. Da muka duba, sai muka ga rubuta suna kyauta ne, akwai wanda ya rubuta har da jariransa, akwai waɗanda suka bar garin tuni. Muka ce a nemi kowa ya ajiye ɗan kafin alƙalami, jerin ya tsuke ƙwarai. Abin da nake dubawa shi ne mutum nawa suka zo wasan kofi na daren tsakiyar mako da ƙaramar ƙungiya cikin sanyi, da kuma mutum nawa suka zo a kaka mafi muni cikin shekara 10 da suka wuce. Wasan hamayya kowa na cika fili. Juventus ta fahimci wannan. Ta rushe Delle Alpi mai ɗaukar kusan 69,000, wanda hanyar tsere ta raba 'yan kallo da ciyawa kuma sau da yawa rabinsa wayam yake, ta gina mai ɗaukar wajen 41,000 a gurbinsa a 2011. Ƙarami ne, amma nata ne kuma yana cika. Darlington kuwa, tana aji na huɗu a Ingila, aka gina mata fili na mutum 25,000 a 2003 alhali masu zuwa kallonta dubbai kaɗan ne. Filin ya zame mata ƙarfen ƙafa, ta yi ta faɗawa hannun masu bin bashi, a 2012 ta bar shi.

Bashi da jinkiri

Arsenal ita ce misalin da ake kawowa na ƙaura mai kyau, kuma haka ne, amma tambayi waɗanda suka rayu cikin shekarun. Aikin sabon filinta na Emirates ya ci kimanin fam miliyan 390, ciki har da sauya wa wata cibiyar tara shara da ƙananan masana'antu matsuguni, don wurin ba fili ne fetal aka tarar ba. An shirya cewa gidajen da za a gina a tsohon Highbury su taimaka wajen biyan bashi, sai ga rikicin tattalin arziki na 2008 ya kwantar da kasuwar gidaje. Manyan 'yan wasanta suka yi ta tafiya: Henry ya tafi a 2007, Fabregas da Nasri 2011, Van Persie 2012. Daga 2005 ba ta sake ɗaga kofi ba sai 2014. Ba zan ɗora duka a kan fili ba, don a shekarun ne kuɗin Chelsea da na Manchester City suka sauya farashin 'yan wasa. To amma ai darasin ke nan: kana rattaba hannu kan bashin shekara 20 ko fiye, ƙwallo kuwa cikin shekara 3 tana iya sauya kama.

Valencia ba ta sha da sauƙi haka ba. Ta fara Nou Mestalla a 2007 da niyyar sayar da ƙasar tsohon filin ta biya aikin. Kasuwar gidaje a Sifaniya ta faɗi, a 2009 aiki ya tsaya cak. Ƙaton kangon siminti ya zauna a cikin gari shekara 15 da ɗoriya, sai a farkon 2025 aka koma kansa. Duk tsarin da ya dogara kan cewa "za mu sayar da tsohon mu biya sabon" ina sa masa jan biro, don farashin ƙasa ba ya jiran ranar da kake buƙatarsa.

A nan ne faɗaɗawa ke da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: ana iya yin ta kashi-kashi. Ka gina rumfa ɗaya, ka ga ko ta cika, ta fara biyan kanta, sannan ka shiga ta biyu. Liverpool ta ɗage aikin Anfield Road lokacin korona, daga baya ɗan kwangilarta ya durƙushe a 2023 ana tsakiyar aiki, duk da haka wasa bai tsaya ba, sashen sama kawai aka rufe na wasu watanni. Sabon fili kuwa in rabi aka gina ba ya amfanin komai. Ko ka gama ko ka yi asara.

Za ka ji ana cewa ai dokokin kashe kuɗi na gasar Firimiya da na UEFA ba sa lissafa abin da aka kashe a gina fili. Haka ne, amma doka ba ta biya maka kuɗin ruwa. Lokacin da aka cire wa Everton maki 10 a 2023, wanda aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, daga cikin abin da aka yi ta ja a kai har da kuɗin ruwan basussukan da ƙungiyar ta ce na aikin filinta ne. Ta gama filin a tashar jiragen ruwa ta Bramley-Moore, ta tare a 2025, amma ta yi shekaru tana tsallake faɗawa ajin 'yan dagaji da ƙyar yayin da ake ginin. Da ta faɗa, da labarin ya sha bamban.

Jinkiri kuwa kusan wajibi ne, ka sa shi cikin lissafi kawai. Tottenham ta shirya tarewa a farkon kakar 2018, sai Afrilun 2019 ta shiga, tana zaman aro a Wembley, kuma a kasuwannin 'yan wasa biyu a jere ba ta sayi kowa ba. Barcelona ta bar Camp Nou mai ɗaukar 99,000 a 2023 ta koma filin Montjuïc da girmansa ya ɗara rabin Camp Nou da kaɗan, da nufin dawowa a ƙarshen 2024, sai a Nuwamban 2025 ta dawo, shi ma wani sashe kawai aka buɗe. Wannan shi ne raunin sake gini a wuri ɗaya in aikin ya yi girman da sai an fita. Madrid ta yi sa'a ne, don lokacin da ta koma ƙaramin filinta na atisaye korona ta riga ta hana kowa shiga kallo.

Sunan wa ke kan takarda?

In da za a ce in zaɓi tambaya guda da magoya baya za su yi wa shugabanninsu kafin ƙaura, wannan ce. Coventry ta bar Highfield Road a 2005 ta koma sabon fili wanda ba nata ba. Rigimar kuɗin haya ta sa a 2013 ta koma buga wasannin gida a Northampton, daga 2019 zuwa 2021 kuma a Birmingham. A Jamus, Bayern da 1860 Munich tare suka gina Allianz Arena, aka buɗe a 2005. Shekara ɗaya kacal 1860 ta sayar wa Bayern rabonta kan Yuro miliyan 11, ta koma 'yar haya a gidan da ta gina, a 2017 ta fita. Bayern kuwa ta gama biyan bashin tun 2014, shekaru da dama kafin wa'adi. Fili ɗaya ne, ya ɗaga wata ya danne wata, don nauyin daidai wuyan ɗaya aka yanka shi.

West Ham ta fi ban sha'awa, don a takarda ta yi ciniki mai kyau ƙwarai: ta bar Upton Park mai ɗaukar 35,000 a 2016, ta samu filin wasannin Olamfik na Landan a hayar shekara 99 kan fam miliyan 2.5 a shekara tun farko. Amma don tsere aka gina shi, kujeru na nesa da ciyawa, kuma ɗan haya ba ya rushe bango don ya gyara. A Maris 2018, ana wasa da Burnley, magoya baya suka kutsa fili, wani ya tumɓuke tutar kusurwa ya kai ta tsakiyar fili, ɗaruruwa suka taru a ƙarƙashin inda masu ƙungiyar ke zaune suna zagi. Manchester City ma haya ta shiga a 2003, a filin da aka gina don wasannin ƙasashe renon Ingila na 2002, amma an cire hanyar tsere, aka haƙa ƙasa aka saukar da ciyawa, aka ƙara kujeru har bakin layi. Ba hayar ce kaɗai matsala ba, sharuɗɗanta ne da ikon da ta ba ka.

Nisa ma haka. Arsenal ta matsa ne kamar rabin kilomita, Tottenham ta gina a jikin tsohon filinta, mai zuwa kallo bai sauya tashar da yake sauka ba. Wimbledon kuwa da aka ɗauke ta zuwa Milton Keynes, kusan kilomita 90, magoya bayanta suka ƙi bi. Suka kafa AFC Wimbledon a 2002 daga aji na tara, suka hau har suka koma Plough Lane, unguwarsu ta asali, a 2020. Everton ma ta taɓa yunƙurin komawa Kirkby, wajen iyakar birnin Liverpool, magoya baya suka rabu biyu, gwamnati ta ƙi amincewa a 2009. Ba wai fita bayan gari ba ta taɓa yin kyau ba: Atlético Madrid ta bar Vicente Calderón a 2017 ta koma gefen birni, kuma filin na cika, don jirgin ƙarƙashin ƙasa na kaiwa har ƙofa.

Aikina yana da iyaka, kuma a nan abokanka suka fi ni hujja. Zan iya gaya maka kuɗin kujera da na rufi, amma babu layi a takardata da ke auna abin da mutum ke ji in ya zauna inda mahaifinsa ya zauna, ko tasirin ihun rumfa mai matsi a kan baƙin 'yan wasa. Wannan na magoya baya ne, shi ya sa nake ba da shawarar a tambaye su tun kafin a yi zane, ba bayan an gama a kira su kallon hoto ba.

Sai ƙungiyoyin da ka ambata. Newcastle tana da abin da kuɗi ba sa saya, fili a tsakiyar birni, mai ɗaukar wajen 52,000. A bayan rumfar gabas akwai jerin tsofaffin gidajen Leazes Terrace da doka ta kare, a ƙarƙashin ɓangaren Gallowgate kuma akwai tashar jirgin ƙasa, don haka duk kujerar da za a ƙara za ta yi tsada. Duk da haka ni zan fara matse abin da Gallowgate zai iya bayarwa, in kuma sabo ne, to ya zama a nan jikin wurin. United ta sanar a Maris 2025 cewa za ta gina mai ɗaukar 100,000 a gefen Old Trafford kan kimanin fam biliyan 2. Wurin ya yi daidai, tunda ba a bar unguwa ba kuma za a ci gaba da wasa a tsohon ana gini, ga layin dogo da ya tokare rumfar kudu ya hana ta girma. Abin da zan sa wa ido shi ne inda kuɗin zai fito, don ƙungiyar na ɗauke da bashi tun sayen da iyalan Glazer suka yi mata a 2005, sannan a lokacin sanarwar ƙasar da ake buƙata ba duka ke hannunta ba.

Chelsea ce gaba kura baya sayaki. Stamford Bridge na ɗaukar wajen 40,000, layukan dogo sun rufe shi ta gefe biyu, ga maƙabarta a tsallaken ɗaya. Ta samu izinin sake gina shi zuwa 60,000 a 2017, wanda zai sa ta yi shekaru a filin aro, mai ƙungiyar na lokacin, Abramovich, ya jingine aikin a 2018. Ƙaura kuma ba a hannun masu ƙungiyar kaɗai take ba. Ƙasar da filin ke kai da sunan ƙungiyar suna hannun wani kamfani na magoya baya, Chelsea Pitch Owners, kuma sai kashi 75 cikin 100 na ƙuri'unsu sun yarda. Da Abramovich ya nemi saye a 2011, kashi 61 da ɗoriya ya samu, magana ta mutu. Duk zanen sabon filin Chelsea da za ka gani a intanet, fara tambaya ko an yi wannan ƙuri'a.